Babi na Shida: Shekara Bakwai Ana Karatun Amurka

Ranar da ƙanena ya je gaida Kawu ya shaida masa cewa yana neman gurbin digirin digirgir a Amurka, tsohon ya yi murna ƙwarai, ya sa masa albarka, sannan ya tambaye shi fannin da zai karanta. Ya ce nazarin al'adun Amurka. Kawu ya yi shiru yana jan carbi, can ya ɗago ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma ɗana, al'adar tasu da ta cika mana gida ta talabijin da waya, ita ce kuma sai an je can an yi mata shekaru?" Ƙanena ya ce, "Ita ce, Kawu." Daga nan aka shiga wani zancen.

Ni kuwa tambayar ta zauna mini a rai, domin tambaya ce ta mai hankali, kuma da yawanmu da muka yi boko ba za mu iya amsa ta ba. Mun san dakta a fannin shari'a, mun san dakta a kimiyyar haɗa magunguna. Amma dakta a kan al'adun wata ƙasa, ƙasar ma da kowa ke ganin ya riga ya san ta, wannan sai da bayani, kuma bayanin sai an faro shi daga tushe.

Jami'ar Yale ce ta fara ba da digirin digirgir a Amurka, a 1861, tana koyi da tsarin Jamus. Tarihin siyasar ƙasar ya samu shiga da wuri, amma a sashen adabi Ingila ce uwa. Shakespeare da Milton su ne karatu, abin da Ba'amurke ya rubuta kuwa kallon ɗan ƙauye ake yi masa. Sai a 1937 Jami'ar Harvard ta buɗe wani tsari da ta kira tarihin wayewar Amurka, inda ɗalibi zai haɗa tarihi da adabi da falsafa da zane ya fuskanci ƙasar gaba ɗayanta. Mutum na farko da ya kammala shi ne Henry Nash Smith, ɗan jihar Texas, a 1940. Daga wannan aiki ne littafinsa Virgin Land ya fito a 1950, kuma duk mai son ya gane fannin nan ya kamata ya tsaya a kansa.

Abin da Smith ya yi shi ne ya ɗauko abin da malamai suka raina. A ƙarni na 19 akwai wasu ƙananan littattafan labari da ake sayarwa a kan senti goma, cike da mahaya dawaki da harbe-harbe a yammacin ƙasar. Ya zauna ya karanta su tuli guda, ya jera su da jawaban 'yan majalisa da rubutun 'yan jarida, ya ga hoto ɗaya yana ta maimaituwa: yamma fili ne da ba kowa, lambu ne da ke jiran manomi. Wannan hoto ya shiga doka. A 1862 aka yi dokar da ta ba duk wanda ya zauna a kan fili ya noma shi shekara biyar eka 160 kyauta. A gabas, inda damina ke da albarka, eka 160 ta ishi iyali. A busassun filayen yamma ba ta isa ba, amma har aka samu masu da'awar cewa ruwan sama yana bin garma, wai in aka yi huɗa hadari zai zo. Duk manomin da ya taɓa shuka gero a Daura ko Damagaram ya san ƙarshen irin wannan zance. Dubban iyalai suka tafi, fari ya zo, suka bar gonakin. Smith ya nuna cewa labarin da al'umma ke ba kanta yana iya tura ta inda lissafi ba zai kai ta ba, kuma ana iya bin sawun labarin da hujja, shafi bayan shafi.

Abin da ya fi burge ni game da mutumin shi ne, a wata maƙala da ta fito a 1986, shekarar da ya rasu, ya amsa cewa shi ma hoton ya rufe masa ido. Ƙasar da ya kira budurwa a sunan littafinsa tana da mutanenta, 'yan asali da aka kora aka karkashe, kuma bai ba wannan haƙƙinsa ba. Malamin da zai waiwayi aikin da ya yi masa suna ya ce nan na gaza, ya bar wa fanninsa gado mai kyau.

Shakkun Kawu yana da tushe ta wani ɓangare, kuma bai kamata a ɓoye ba. Fannin ya yi ƙiba ne a zamanin Yaƙin Cacar Baki, lokacin da Amurka ke buƙatar tallata kanta. A 1947 wasu 'yan Harvard uku suka shirya taron ƙara wa juna sani a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, don koya wa matasan Turai da yaƙi ya ɗaiɗaita adabi da tarihin Amurka. Mujallar fannin, American Quarterly, ta fara fita a 1949, ƙungiyar masanansa ta kafu a 1951. A 1950 wani attajiri mai suna William Robertson Coe ya ba Yale dala 500,000 don ƙarfafa wannan karatu, kuma bai ɓoye manufarsa ba: yana so a yi wa kwaminisanci rigakafi. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai abin ya juya wa masu kuɗin. Wanda aka koya wa karanta takardu da idon basira ba za a iya iyakance masa takardun da zai buɗe ba. Daga Nuwamba 1968 zuwa Maris 1969 ɗalibai baƙaƙen fata da na sauran tsiraru suka yi yajin karatu na wata biyar a kwalejin jiha ta San Francisco, har aka kafa tsangayar nazarin ƙabilu. Daga Ingila kuma iska ta kaɗo daga cibiyar Birmingham, wadda aka buɗe a 1964, inda Stuart Hall, haifaffen Jamaika, ya koyar da cewa talabijin da jarida da tufafin samari fagen kokawa ne a kan iko. A Bowling Green ta jihar Ohio, Ray Browne ya kafa mujallar nazarin al'adun gama-gari a 1967, sashe guda ya biyo baya a 1973, kuma laburaren jami'ar ya shiga tara littattafan barkwanci masu zane da katunan gaisuwa da labaran soyayya kamar yadda wasu ke tara tsofaffin rubuce-rubuce. Fannin da aka reno don yabon ƙasa ya zama ɗaya daga wuraren da aka fi tuhumarta a kan bauta da wariyar launin fata da yaƙe-yaƙenta na waje. A Disamba 2013 ƙungiyar masanan ta kaɗa ƙuri'ar ƙaurace wa cibiyoyin ilimin Isra'ila saboda Falasɗinawa, abin da ya jawo mata fushin shugabannin jami'o'i da dama.

Aiki ɗaya daga wannan zamani zai yi wa mai karatun Hausa kama da gida. Janice Radway ta je wani gari a tsakiyar Amurka, wanda ta sakaya sunansa, ta samu wata mai sayar da littattafai da matan garin ke neman shawararta a kan wane labarin soyayya za su saya. Ta hanyarta ta kai ga mata 42, yawancinsu matan aure masu 'ya'ya. Masana kafin ita sun karanta irin waɗannan littattafai sun yanke hukunci cewa shirme ne da ke dulmiyar da mata. Ita kuwa ta tambayi matan da kansu. Abin da ta ji, wanda ta wallafa a Reading the Romance a 1984, shi ne ɗaukar littafin ma kansa yana da ma'ana: mace da ta yini tana hidimar miji da yara, in ta buɗe shafi, ta sanar da gidan ke nan cewa wannan sa'ar tata ce. Wanda ya ga yadda littattafan soyayya na Kano suka riƙa yawo hannu da hannu tsakanin mata a shekarun 1990, da irin kallon da wasu malamai suka yi musu, ya san wannan magana. Kuma wani Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Wisconsin a 2000 a kan rubutun Balaraba Ramat Yakubu. Sun zo sun karanta mu da natsuwa. Mu kuwa da muke shan finafinansu da waƙoƙinsu safe da yamma, ƙalilan ne cikinmu suka zauna suka karanta su haka.

To yaya ake yin karatun? Yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardu a watan Disamba. Mai nema zai aika da bayanin abin da yake son bincikawa, da samfurin rubutunsa mai shafi kamar ashirin, da wasiƙun malamai uku da suka san aikinsa. Sashe ɗaya ba ya ɗaukar mutane da yawa a shekara, wani lokaci ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, domin wanda aka ɗauka galibi ana yafe masa kuɗin makaranta a kuma ba shi alawus, shi kuma ya biya da koyar da 'yan digirin farko da duba takardunsu.

Shekara biyu na farko aji ake shiga, amma ba irin ajin da malami ke tsaye yana karantowa ana rubutawa ba. Mutum goma ne ko sha biyu kewaye da tebur, awa uku, kowa ya karanto littafi guda cikin makon. Malamar za ta ce, me marubucin nan yake da'awa, da wace hujja, ina ya yi rauni? Sai ta yi shiru. Ɗalibin da ya taso inda yin gardama da malami rashin kunya ne yakan sha wuya a nan, domin shirun da a gida ladabi ne, a wannan ɗaki ana ɗaukarsa rashin shiri. Darasi uku a zango yana nufin littafi uku a mako, ban da koyarwa. A nan ake koyon wata sana'a da ba a faɗa a takarda: yadda za ka kama jijiyar littafi mai shafi 400 cikin yini ɗaya.

Bayan nan sai babbar jarrabawa. Ɗalibi zai zauna da malamai uku ko huɗu, kowanne su tsara jerin littattafai a wani reshe, misali tarihin bauta, ko finafinai, ko addini a Amurka. Jimilla takan kai ɗari biyu ko fiye. Zai shafe watanni yana karatu shi kaɗai, sannan ya amsa a rubuce ko ya zauna gabansu awa biyu suna jefo tambaya daga ko'ina. In ya haye, ya rubuta shimfiɗar bincikensa, kwamiti ya amince, sai a ce ya gama komai saura kundi. Kalmar tana da daɗin ji, amma tsugune ba ta ƙare ba. A nan ne mutane suka fi zubewa. Wani bincike da majalisar makarantun gaba da digiri ta Amurka ta yi a kan waɗanda suka fara karatu a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa a fannonin adabi da tarihi da makamantansu, kusan rabi ne kawai suka kammala cikin shekara goma. Masu gamawar kuma sukan ɗauki wajen shekara bakwai.

Dalilin ba ya rasa nasaba da kaɗaici. Babu ƙararrawa, babu aji, babu mai tambayarka yau me ka yi. Ɗalibi zai shiga ɗakin adana tsofaffin takardu, ya bar jakarsa a ƙofa, a hana shi shiga da biro sai fensir, a turo masa akwati ɗaya, ya buɗe fayil ɗaya, ya mayar kafin ya ɗauki na gaba. Yana iya yin mako bai samu layi ɗaya mai amfani ba. In kuma ya samu, ba a gama ba, sai ya tambayi takardar wa ya rubuta ta, don wa, cikin wane hali. Dubi hirarraki sama da 2,300 da ma'aikatan gwamnatin Amurka suka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, waɗanda ke ajiye a Laburaren Majalisa. Taska ce babba. Amma ka kwatanta tsohuwa 'yar shekara tamanin da wani abu, tana zaune a ƙofar bukkarta a kudu, cikin yunwa da tsarin wariya, baturen gwamnati ya zo da littafi yana tambayarta ko ubangidanta na da yana da kirki. Mafi yawan masu tambayar farare ne, wasu tsofaffin kuma sun zaci amsarsu za ta taimaka a ba su tallafi. In ta ce yana da kirki, me ta faɗa ke nan? Koyon jin abin da ke ƙarƙashin irin wannan amsa, ba tare da ka sa mata magana a baki ba, shi ne zuciyar horon gaba ɗaya.

Ga kuma batun aljihu. Alawus ɗin yakan ƙare a shekara ta biyar ko ta shida, kundi kuwa bai san da wannan ba. Ɗalibin da ya zo daga waje bizarsa ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, shi ma a cikin jami'a. Tsadar haya ce ta sa a ƙarshen 2022 ma'aikatan ilimi kusan 48,000 a Jami'ar Kalifoniya, yawancinsu irin waɗannan ɗalibai, suka yi yajin aiki na kusan mako shida. Bayan kammalawa ma kujerar farfesa ta dindindin ta yi ƙaranci, domin kusan kashi biyu cikin uku na masu koyarwa a manyan makarantun Amurka a kan kwantiragi suke. Wasu daktocin sukan koma gidajen tarihi, laburare, kamfanonin ɗab'i ko aikin jarida. Abin da na gaya wa ƙanena ƙarara shi ne kada ya sake a sayar da gona ko a ci bashi don wannan digiri. In jami'a ba ta ɗauki nauyinsa ba, ya haƙura ya sake nema baɗi.

Ranar kare kundi kuwa, bayan duk wannan, gajeruwa ce. Kwamiti zai yi awa biyu yana tambaya, a ce ɗalibi ya ɗan fita, ya tsaya a baranda yana jin muryoyi ta bayan ƙofa, sannan mai duba aikinsa ya leƙo ya kira shi da sabon sunansa.

Duk da wahalar, ina ganin akwai wani lungu na tarihin Amurka da ɗan ƙasar Hausa ko Borno zai shiga da fitilar da 'yan ajinsa ba su da ita. A 1854 aka buga wani ɗan littafi a birnin Detroit, tarihin Mahommah Gardo Baquaqua, wanda aka haifa a Djougou ta ƙasar Benin ta yau. An kama shi aka kai shi Birazil a bauta, ya tsere a New York a 1847 daga jirgin ruwan da ya kawo kofi, ya zauna a Haiti, ya dawo ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York. Littafin ya ce mahaifiyarsa 'yar wani gari ce mai suna Kashna. Ba'amurke zai wuce kalmar sai ya nemi ƙarin bayani. Mu kuwa mun ji Katsina tun kafin mu kai ƙarshen layin, kuma mun san hanyar fatake ta goro da ta haɗa Katsina da Gwanja, wadda ta ratsa ta Djougou, mun san yadda Bakatsiniya za ta tsinci kanta a can.

Na biyun ya fi ban mamaki. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka sani da Nicholas Said, an haife shi a Kukawa wajajen 1836. Ya ce mahaifinsa Barka Gana ne, babban kwamandan Shehu al-Kanemi, wanda Baturen Ingila Dixon Denham ya bi zuwa Mandara a 1823. Yana yaro Buzaye suka kama shi, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga can Istanbul, daga can Rasha, inda aka yi masa baftisma aka sauya masa suna. Ya zaga Turai, ya iso Amurka a 1860, kuma a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙaƙen fata a ɓangaren arewa, har ya kai saje. Mujallar Atlantic Monthly ta buga labarinsa a 1867. Bayan yaƙi ya zauna a kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi, kuma a 1873 ya wallafa tarihin rayuwarsa a Memphis. A cikin littafin nan ya ba da labarin Kukawa da hamada da fadojin Turai dalla-dalla, amma bai ambaci cewa ya sa kakin sojan arewa ba, ko da layi ɗaya.

Wannan shirun irin na tsohuwar nan ne ta ƙofar bukka. Baƙin mutum da ke yawo a garuruwan kudu yana sayar da littafinsa ga waɗanda aka ci da yaƙi shekara takwas da suka wuce ya san abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye. Masana sun yi aiki a kansa, har Dean Calbreath ya fitar da cikakken tarihinsa a 2023. Amma rabin farko na rayuwarsa yana buƙatar mai karatu da ya san sarautun Borno, ya san me ake nufi da kachalla, ya iya gane sunan gari ko na ƙabila bayan an murɗe shi da bakin Faransanci an buga shi da haruffan Ingilishi, ya kuma iya auna abin da yaro ɗan gidan sarauta zai zaɓa ya tuna game da bautar da ake yi a garinsu. Haka rubutun Larabci da bayi Musulmi suka bari, irin na Umar ɗan Sa'id mutumin Futa Toro, wanda ya rubuta tarihinsa a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa. Wanda ya yi makarantar allo zai ga hannun rubutun ya gane shi, zai kuma ji dalilin da ya sa bawa ya buɗe labarinsa da Suratul Mulk, surar da ke cewa mulki na Allah ne.

Littattafan Baquaqua da Nicholas Said na tura wa ƙanena. Ya kwana uku bai ce komai ba, sannan ya kira ni da daddare yana karanto mini sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko na ji abin da ya ji. Ya yaga bayanin da ya fara rubuta wa jami'o'in, wanda yake a kan finafinai, ya sake sabo da ya fara da Kukawa. Takardun sun tafi a Disamba. Amsa takan zo tsakanin Fabrairu da Maris, kuma duk ranar Juma'a in mun je gaisuwa Kawu yakan tambaya ko mutanen can sun yi magana.